Fentin da Gari Ya Lashe

Duk wanda bai taɓa wuni ƙarƙashin rufin kwano a Haɗeja da bazara ba, don Allah ya ja bakinsa ya yi shiru idan ana maganar zafi. Tun hantsi rana za ta hau kwanon nan ta zauna daram, kwano ya yi ta ƙas-ƙas kamar ana gasa masara, na ciki kuwa ya rasa inda zai sa ransa. Amma je ka ce da mai gidan ya koma soron ƙasa irin na kakansa, ka ga tashin hankali. Kwano ai shi ne shaidar mutum ya samu. Ya gwammace ya dahu a ciki, muddin maƙwabta suna ganin ƙyalli daga waje.

Malam Ishaku malamin kimiyya ne a wata sakandare ta garin, mutumin kudancin Kaduna, siriri, mai saurin tafiya da saurin fushi. Shi ƙin kwanon da yake yi ba na ra'ayi ba ne. Bazarar bara waccan matarsa Rahila ta haihu a ɗan ɗakin karɓar haihuwa na unguwarsu, ɗaki mai gajeren rufi, ba silin, taga ɗaya tak. Naƙuda ta ja ta har rana ta take. Ta suma, ungozoma Ya Gumsu tana yayyafa mata ruwa, ruwan randar ma ya yi ɗumi kamar na wanka. Yaron ya zo a galabaice, bai kai ranar suna ba. Ba wanda ya ce zafi ne ya ɗauke shi. Amma Ishaku ya shiga ɗakin nan a ranar, ya ji abin da ke saukowa daga sama a tsakar kansa, kuma tun daga lokacin ba ya iya ɗaga ido ya dubi rufin nan ba tare da zuciyarsa ta tafasa ba.

Yanzu ga Rahila da wani cikin, lissafi kuma ya nuna a tsakiyar bazara zai faɗo. Ya ce ta tafi gida wajen dangi. Ta ce uwarta ta rasu, wajen wa za ta? Ya ce to babban asibiti. Ta ce a can ba ta san kowa ba, hannun Ya Gumsu ne ya dawo da ita duniya wancan karon, a hannun nan za ta sake kwanciya. Rahila kuwa idan ta ce a'a, ko fasto ba ya maimaita tambaya.

Tunda ba a iya canja Rahila, sai ya ce bari ya canja kwanon.

Abin da yake koya wa ɗalibai ne kullum suna hamma: abu mai duhu shan rana yake yi, fari kuwa mayar mata da kayanta yake. Sabon kwano yana ƙyalli, amma da ya sha damina biyu sai ya dusashe, ya yi tsatsa, ya koma kasko. In aka samu farin da zai kama shi, yawancin wutar za ta koma inda ta fito. Fentin kanti kuwa ya san cikinsa. Da yawa akwai dalma a ciki, ga mutanen gari da an yi ruwan sama kowa sai ya tara bokiti a bakin indararo, yara su sha, awaki su sha. Shi fari yake nema wanda ko jariri ya lasa ba abin da zai same shi.

Nan fa gidansu ya koma kamar na masu ginin tukwane. Ya je kasuwar Kafin Hausa ya yiwo buhun farar ƙasa, ya jiƙa, ya dama, ya bari tsakuwa ta kwanta, ya tace da tsohon ɗankwalin Rahila. Ya bi masunta bakin kogi yana roƙon makankari, ɓawon nan da mata ke kankare ƙanzo da shi, suna ba shi suna ƙunshe dariya. Ya ƙona shi a rami, ya jiƙa, ya shanya ya sha iska har kaifinsa ya mutu, sannan ya hau daka a turmin da ake daka hatsin gidan. Ya narka ƙaro ya zuba don ya kama. Haɗin farko ya bushe ya ɓare kamar ɓawon rogo. Na biyu ya kama, amma ya yi baƙi-baƙi saboda toka. Rahila ta ce in ya ƙara taɓa mata rariya, to ya shirya cin tuwo da tsakuwa.

Da haɗi ya yi daidai, sai ya gwada a akurkin kaji, mai rufin guntun kwano. Ya shafe rabi, ya bar rabi. Da rana ta take, kaji duka suka tattaru ƙarƙashin farin suka kwanta lamo, in ban da zakara, wanda ya tsaya a ɗaya ɓangaren baki buɗe yana haki don kada a ce ya bi mata. Ma'aunin zafin da ya aro daga makaranta ma abin da kaji suka faɗa ya faɗa. Kafin sanyi ya janye, Ishaku ya cika duro guda, fari tas, mai kauri kamar kindirmo. Ranar ya yi waƙar coci a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo.

Ya je wajen Ya Gumsu da murnarsa. Tsohuwar ta saurare shi tana gyaɗa kai, sannan ta ce, "Malam Ishaku, daga gado zuwa ƙasa nawa ne. Daga katako zuwa sama kuwa na kwamiti ne."

Shekarar 1992 ce, jiha sabuwa fil, kowa yana neman abin da zai shugabanta. Wasu masu faɗa a ji suka haɗu suka kira kansu Kwamitin Ƙawata Gari. Ba wanda ya san wanda ya naɗa su, amma sun yanko hatimi, sun kama shago sun sa benci, shi ke nan magana ta ƙare. Ciyamansu Alhaji Fannami ne, dillalin kifi banda da shinkafa, ƙaton mutum wanda duk gari ya san shi da ƙwannafi. Kullum hannunsa na dama yana kan ƙirji, fuska a yamutse, kamar mai shirin yin rantsuwa. Ya sha kanwa, ya sha saiwa, ya sha na bature, wutar tana nan.

Ishaku ya zo gabansu da ɗan gwangwani na gwaji. Ya yi bayanin rana, ya yi bayanin dalma, ya ba da labarin kaji. Labarin ɗansa ne kaɗai bai bayar ba, don ya san in ya fara muryarsa za ta karye a gaban mutane.

"Fari?" in ji Alhaji Fannami. "Malam, ka taɓa bi ta ƙarƙashin bishiyar da balbela ke kwana? To haka kake so babban baƙo ya leƙo daga sama ya ga ɗakin haihuwarmu?"

"Daga sama, ranka ya daɗe?"

Ashe labari ya zo cewa wani babban baƙo zai zo daga Dutse, kuma wai a jirgi mai saukar ungulu zai zo. Tunda ta sama zai ga gari, kwamiti ya yanke a bar bango yadda yake, a shafe rufi. Launi kuwa kore shar mai duhu, don baƙo ya duba ƙasa ya ga kamar fadama, ya san jihar noma ya zo.

"Ranka ya daɗe, koren nan ya fi tsatsa shan rana," in ji Ishaku. "Mata za su dahu a ciki. In launi ake so, zan iya sirka nawa da jar ƙasa kaɗan, ya yi ruwan hoda, kuma ba zai..."

"Ƙasa!" Sakataren kwamiti ne, Shu'ibu, wani mai ƙaramin gemu da biro uku a aljihu. "Ƙasa a kan kwano! Iyayenmu sun sha wahala sun sauko da ƙasa daga kan rufi, kai ka zo za ka mayar mana da ita? Ni farin nan ma bai kwanta mini ba. Kamar hodar da ake zuba wa wake don ƙwari. Wa ya san abin da ke ciki? Yana zagin fentin kanti da guba, nasa fa?"

Nan ne zuciyar Ishaku ta hau. Ya miƙa hannu ya zare cokali daga kofin shayin ciyaman, ya luma a gwangwani, ya cika baki ya haɗiye. Ya ƙara na biyu. Ya ajiye cokalin a kan tebur da ƙarfi, leɓe fari fat, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Kowa yana jiran ya faɗi. Da aka ga bai faɗi ba, sai Alhaji Fannami ya ga ba zai yiwu a fita a ce siririn malamin makaranta ya fi ciyaman zuciya ba. Ya yi bisimilla, ya lakato rabin cokali, ya runtse ido ya haɗiye. Ya ce ba daɗi ba ɗaci. Aka ci gaba da taro, aka shiga muhawarar ko za a shafe rufin mahauta ko a rufe shi da ganye.

Can sai aka lura ciyaman ya daina magana. Hannunsa ya sauka daga ƙirji ya kwanta a cinya, abin da ba a taɓa gani ba. Ya yi wata doguwar gyatsa mai laushi, ya buɗe ido a hankali.

"Shu'ibu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wutar ta mutu."

Da Ishaku yana da wayo, da ya ce dace ne kawai. Amma malami malami ne, ba ya iya ganin tambaya ya wuce. Ya gyara tsayuwa ya yi musu bayani tiryan-tiryan cewa ai ba mamaki, garin makankari ɗan'uwan alli ne, yana kashe tsamin ciki, farar ƙasa kuma tana lulluɓe shi. Wayyo Ishaku! Da bakinsa ya tabbatar musu.

Kwamiti ya yi ƙus-ƙus, sannan Shu'ibu ya miƙe ya sanar da hukunci. Ba a ƙi fentin ba, ba a kuma karɓa ba. Abu ne da ya shafi lafiyar jama'a, saboda haka dole a kawo duron gaba ɗaya ofis a yi bincike mai zurfi. Ishaku ya koma gida yana gaya wa Rahila an kusa nasara. Da kansa ya taya mai kura ɗora duron.

Sai azumi ya kama. Kowa ya san yadda buɗa-baki yake: ƙosai mai zafi, yaji, kunun tsamiya, a bi da tuwo, sannan ƙirji ya ɗauki wuta. Alhaji Fannami kuwa mutum ne mai kyauta, ba ya iya jin daɗi shi kaɗai. Ya ɗiba wa limamin unguwarsu, ya ɗiba wa surukinsa, ya aika wa abokan cinikinsa na kifi. 'Yan kwamiti kowa ya zo da gwangwaninsa don ya yi nasa binciken a gida. Duk sanda Ishaku ya leƙa ofis ya tambayi inda aka kwana, sai Shu'ibu ya ce, "Bincike yana tafiya, Malam, yana tafiya sosai." Ya leƙa duro ya ga lalle yana tafiya, don kullum ƙasa yake yi.

Gari kuma ya ɗauka ya ƙara nasa. Aka ce abin da ya sanyaya akurki, ina ga cikin ɗan Adam? Masu ƙurajen zafi suka shafa. Masu ciki, waɗanda da ma farar ƙasa abin marmarinsu ce, suka ce ba su taɓa cin mai laushi irin wannan ba. Wani ya dama wa matarsa a kunu wai ko faɗanta zai ragu. Wata ta zo har gida da yaro jiki zau, tana roƙon ko lakace ɗaya. Ishaku ya fito ya ce, "Baiwar Allah, fenti ne! Fenti! Ba ya maganin zazzaɓi, ki kai yaron nan asibiti yanzu!" Ya raka ta har bakin titi ya sa ta a mota. Washegari labari ya zaga cewa malamin yana da asiri amma rowa ta yi masa yawa. Yara suka sa masa Dakta Sanyi, har ɗalibansa suna rubutawa a allo kafin ya shigo.

Bakin kogi kuwa aka share shi tas. Masuntan da suke yi masa dariya yanzu ɓoye makankari suke a ƙarƙashin koma, kowane lungu ka bi ka ji ƙaurin ƙona ɓawo, kowa ya zama mai haɗa magani.

Bayan Salla da 'yan kwanaki aka zo da tsani da manyan gwangwanaye aka shafe rufin ɗakin haihuwa kore shar. Ishaku ya tsaya daga nesa yana kallo. Ya Gumsu ta ce tun daga ranar kyandir ɗin da take ajiyewa a taga lanƙwashewa yake da kansa. Babban baƙon kuwa ya zo, a mota, gilashi a rufe. Ya tsaya a bakin kasuwa ya ɗaga hannu, ya wuce. Bai ko ɗaga kai ba.

Da Ishaku ya je ya buga tebur ya ce a ba shi duronsa, ba a yi masa gardama ba. Aka gangaro masa da shi a wanke ƙal, har an goge. Shu'ibu ya ce kwamiti ya gamsu ɗari bisa ɗari cewa babu guba, kuma ciyaman yana gaisuwa, yana tambaya yaushe za a sake haɗawa. Maganar rufi kuwa, ai an riga an ƙawata shi, ba mai taɓawa sai in wani baƙon zai zo.

Ya koma ya fara daga farko, ga lokaci ya ƙure, ga kaya babu. Ya bi juji yana tsintar guntayen makankarin da mata suka yar. Ya kankare abin da ya saura a rufin akurki, kaji suna kallonsa da harara. Da ƙyar ya haɗa bokiti guda. Wannan karon bai gaya wa kowa ba, ya rufe shi da faranti ya tura ƙarƙashin gado. Ya ƙudura ba zai sake neman izinin kowa ba: da naƙuda ta matso zai hau ya shafe ko rabin rufin ne, in za a kore shi daga garin a kore shi.

Wata Asabar da safe ya jawo bokitin don ya motsa shi. Ya ji shi sakayau. Ya ɗaga faranti, ya ga abin ya koma can gindi, ga sawun yatsu a jikin bokiti, layi-layi. Ya ɗago kai. Rahila tana zaune a bakin gado, ciki ya yi gaba, ƙafafu a kumbure, tana ƙoƙarin goge gefen bakinta da bakin zane.

"Rahila."

"Malam, wallahi ba ni ba ce, cikin ne yake so. Ina kwance ina jin ƙanshinsa daga ƙarƙashina. Kullum sai in ce yau lakace ɗaya kawai."

"Don ke na yi shi! Don ke! Duk garin nan sun cinye ni, ke ma?"

"Kai ka ce ko jariri ya lasa ba komai," ta ce. "To jaririn ne ya lasa."

Ya buɗe baki zai yi ihu, sai dariya ta ƙwace masa, wata irin dariya mai ciwo, ya zauna daɓas a ƙasa da bokiti a tsakanin ƙafafu. Ita ma ta fara, amma tata ba ta je ko'ina ba ta koma kuka.

"Tsoro nake ji, Malam," ta ce. "Ɗakin nan nake gani ko na rufe ido."

Ya ce shi ma tsoron yake ji. Suka zauna a haka, ba mai lallashin wani.

Naƙuda ba ta jira ya sake haɗa komai ba. Ta zo da hantsi, a ranar da ko iska ba ta motsi. Ya Gumsu ta duba Rahila, ta fito ta dubi sama, ta ce wannan sai bayan azahar. Ishaku yana tsaye da bokitinsa, abin da ke ciki ko faɗin tabarmar salla ba zai rufe ba. Tsohuwar ta leƙa bokitin, ta dubi fuskarsa, sannan ta juya ga matan unguwa da suka rako mai naƙuda.

"Ku ji nan," ta ce. "Duk wadda take da maganin Malam a ɗakinta, ta je ta kawo shi yanzu. Na san ku, ni na yanke cibiyar rabinku. Wadda ta ɓoye ko lakace ɗaya, ranar tata naƙudar ta aika a kira mata ciyaman ya karɓa."

Tabɗi! Ka ga gudu. Kafin a jima ga su nan suna dawowa, wannan da gwangwanin madara, wannan da ƙoƙo, waccan da ƙullin leda da ta ciro daga ƙasan adaka. Kuma ba wadda ta bar shi yadda aka ba ta. Wata ta sa zuma, wata tsamiya, wata citta da kanumfari, wai don ya fi shiga. Da wata rana ce da Ishaku ya yi faɗa har ya shaƙe. Yau juyewa kawai yake a bokiti yana damawa da hannu, abin yana ƙanshi kamar kunun biki.

Tsanin masu shafa koren fenti yana nan jingine a bayan ɗakin, ba wanda ya ɗauke. Ya hau da bokiti da burushi. Da ya taka kwanon sai ya ji zafin ya ratsa takalminsa na roba har ƙashi. Ya ƙwala wa Ya Gumsu kira ta nuna masa inda gadon yake. Ta ɗauki sandar shara ta bubbuga rufin daga ciki, kusurwa kusurwa, shi kuma yana bin ƙarar yana sa alama. A tsakanin alamun nan ya zuba duk abin da yake da shi, ya shafa da kauri, yana shafawa yana bushewa nan take. Ya ɗan zarce gefe da gefe har bokiti ya ƙare.

Yana cikin kalace gindin bokiti sai ga Shu'ibu a kan keke, wani ya kai masa rahoto.

"Malam Ishaku! Sauko! Wannan ɓata kayan kwamiti ne! Kuma almubazzaranci ne, ga masu ciwo a gari kana zubar da magani a kan kwano!"

"Ba zan sauko ba."

"Na ce ka sauko da sunan ciyaman!"

"Ka gaishe shi. Ka ce ya rage yaji."

Matan suka sa shewa. Shu'ibu ya kumbura, ya duba hagu ya duba dama yana neman abin da hatimi zai iya kamawa, sai idonsa ya faɗa kan tsani. Ya ce ai wannan kadarar kwamiti ce. Ya kwantar da shi, ya ɗaure a jikin keke, ya tura ya tafi yana tangaɗi da shi a lungu. Wasu magidanta biyu kuma suka matso bakin indararo da kofuna a hannu, ko Allah zai sa wani abu ya ɗigo.

Rana ta zo tsakar ka. Ishaku ya ga ba sauka, ba inuwa. Takalmi ya fara manne wa koren, in ya ɗaga ƙafa sai ya ji ɗaf. Ya dafa da hannu, ya janye ba shiri, tafin ya yi ja. Ƙudaje da ƙudan zuma suka ji ƙanshi suka zo suna shawagi. Daga ƙasa yana jin nishin Rahila yana tasowa yana sauka. Kuma bai sani ba ko abin yana aiki. Haɗin da aka cika da zuma da tsamiya, ɗan fili kamar shimfiɗar gado a tsakiyar wutar nan duka, me zai tsare? Ya ji ya tsani kansa, da kimiyyarsa, da bakinsa mai bayani.

Da ƙafafu suka gaza, sai ya taka kan farin a hankali, ya durƙusa. Gwiwarsa ba ta ƙone ba. Ya sa tafin hannu, ya bar shi a wurin. Sannan ya sunkuya ya kwantar da kuncinsa a kan kwanon, da tsakar rana, a Haɗeja, da bazara. Ɗumi ne kawai, irin ɗumin jikin mutum mai lafiya.

Ta cikin kwanon yana jin komai. Yana jin Ya Gumsu tana cewa, "Yunƙura, 'yata, yunƙura, kada ki ba ni kunya." Ya ji Rahila ta kira sunan Yesu, ta kira uwarta da ta rasu, ta kira shi kansa da sunansa gatsal, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Sai kuma shiru. Shirun ya yi tsawo har ya daina numfashi, yana cewa a ransa, ya Ubangiji, kada ka maimaita mini, kada ka maimaita.

Sai kuka ya tashi, siriri, mai tsiwa, ya ƙi tsayawa.

Sandar shara ta bugi rufin daidai ƙarƙashin kunnensa har ya zabura.

"Malam Ishaku!" muryar Ya Gumsu ta ratso. "Mace ce! Uwar ma idonta biyu, ko suma ba ta yi ba. Tambaya take wai wane ne yake kuka a sama?"

Guɗa ta ɓarke a ƙasa, mata suka ruɗe da barka, wasu suka ruga ɗora ruwan zafi, masu kofuna suka gaji suka watse. Yana nan kwance a kan ɗan farin nan, kunne manne da kwano, yana sauraren 'yarsa. Sai wajen la'asar wata ta tuna a je a aro tsani, shi kuwa ko sau ɗaya bai kira a kawo ba.